Ɗaki Mai Taya Don Tsohuwa

Dayi, farkon Agusta

Zuwa ga Kawu Sanda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya damina? Mu nan mun gode Allah, ruwa ya zauna, masara ta fara goyo.

Wataƙila fuskata ta ɓace maka. Ni ne Lawal, ɗan Addarka Dije, wadda kuka tashi ruga ɗaya a bayan Gozaki. Rabona da kai tun rasuwar mahaifina, ranar da ka zo gaisuwa da kan tirela, yara suka yi ta kewaye shi a bakin titi. Na nemi lambarka, sai Awaisu direban bas ɗin Funtua ya ce ka daina riƙe waya tun da kunne ya tafi, amma kana karatu. Shi zai kawo maka wannan.

Tsohuwa ce ba lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne. Hankalinta ya koma baya. Ba ta gane kowa sai ni, ba ta kuma karɓar abinci sai daga hannuna. Bara da kaka na kai ta Kaduna wurin ƙanwata Adama don in fita aiki, ta rufe bakinta gam, sai da na bar aikin na je na ɗauko ta. Matata ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta gaji ta koma gidansu, ban kuma ga laifinta ba. Yanzu mu biyu ne a gidan. Kullum da safe sai ta ɗaure ƙoranta a zane ta zauna bakin ƙofa, ta ce, "Lawal, yaushe za mu tashi? Ciyawar nan ta ƙare."

Sana'ata injin casar masara. Abin da na samu da kaka, ina bin ƙauyuka daga nan har Kafur, shi muke ci shekara. In ban fita bana ba, sai dai in sayar da injin. Shi ya sa na yanke shawarar tafiya da ita. Na sayi gindin wata matacciyar mota da tayoyinsa, na sa an kafa ɗakin kwano da katako a gaba, baya kuma wurin ɗora inji. Na maƙala shi a ƙugiyar bayan a-kori-kurata na gwada. Kawu, gaban motar ɗagawa ya yi, sitiyari ya zama kamar ba ya taɓa ƙasa, ɗakin kuma yana ta lilo hagu da dama.

An ce mini sai dai a yi masa irin haɗin tirela, nauyin ya hau cikin bodi. Ban san wanda ya san wannan ba sai kai. Motar ta tsufa ƙwarai, amma ita ke gare ni. Ka taimake ni da shawara.

Ɗanka,
Lawal

*

Funtua, tsakiyar Agusta

Lawal,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Rabon da wani ya rubuta sunana a bayan ambulan tun ina aiki. Lafiyata lau in ban da gwiwa da kunnen da ka ji labari. Kunnen ba ciwo yake ba, shiru ne kawai. Ina zaune a ɗaki guda bayan tasha. Mai ɗakina ta rasu, yaran suna kudu, suna aiko da abin da ya sawwaƙa. Mutane sun gaji da ɗaga mini murya, yanzu hannu suke ɗagawa su wuce.

Labarin Adda Dije ya taɓa ni. Ita ke riƙe hannuna in za mu ƙetare rafi, don ni matsoracin ruwa ne tun ina yaro. Allah ya ba ka ladan riƙon ta.

Wanda ya ce maka haɗin tirela ya faɗi daidai. Faifan ƙarfe ne ake kafawa a cikin bodi, yana da baki mai kamawa. Gaban ɗakin ya miƙo ya hau kansa, da guntun turken ƙarfe a ƙasansa wanda zai shiga bakin ya kulle. Sai an ja maka wuyan ɗakin ya yi tsawo. Faifan ya zauna daidai saman ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ko ya ɗan gota gaba da yatsu biyu, amma kada ya gota baya, in ba haka ba ka koma gidan jiya, gaba zai ɗaga.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Ba a kan kwanon bodi ake kafa shi ba. Kwanon bodi shimfiɗa ce kawai. A ƙarƙashinsa akwai manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba har baya, su ne ƙashin motar. A jikinsu ake ɗaura kafaɗu masu kauri da noti, a huda bodin, faifan ya zauna a kansu. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin wuyan ɗakin da gefen bodi, ka kuma auna kada kusurwarsa ta daki gidan direba in ka karya kwana. Sannan ɗan Adam ba ya zama a cikin ɗakin in ana tafiya, ko da tafiyar daga nan zuwa masallaci ce.

Amma in faɗa maka gaskiya, tsohuwar nan taka ba ta da sauran ƙarfin wannan tafiya. Bayanta ya gaji. In ka matsa mata a yadda take, za ta kwanta maka a hanya, ka zo kana da-na-sani. Ka bar ta ta huta har gwiwata ta sake ni in zo in gan ta da idona.

Ka gaishe da mutanen gida, duk da ka ce ku biyu ne.

Kawunka,
Sanda

*

Dayi, ƙarshen Agusta

Kawu,

Salamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu nan lafiya.

Na gode da bayanin faifai. Amma ƙarshen takardarka ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Adama ta ce in bar Tsohuwa ta huta. Liman ya ce in bar ta ta huta. Maƙwabta ma haka. Ba wanda ya ce ga inda zan bar ta, ko ga wanda zai zauna yana lallashinta ta haɗiye loma. Na zaci kai da ka san ta da ƙuruciyarta ba za ka shiga layinsu ba. Shekara nawa ba ka leƙo ta ba, ta yaya ka san bayanta ya gaji? Jiya ita ta share tsakar gida.

Ba na so in yi maka rashin kunya, don haka zan tsaya nan. Kada ka wahalar da gwiwarka. Akwai mai walda a Malumfashi da ya ce zai iya, zan kai masa.

Lawal

*

Funtua, ranar da takardarka ta zo

Lawal,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda take. Ba ita ce damuwata yau ba.

Kai yaro, motarka nake nufi! A-kori-kurar da ka ce ta tsufa. Mu direbobi haka muke kiran tsohuwar mota, bakina ya saba, hannuna ya bi shi. Sifirin ɗin bayanta nake cewa ya gaji, sai an ƙara masa ganyen ƙarfe kafin ya ɗauki wuyan ɗaki. Yaushe na taɓa kiran mahaifiyarka tsohuwa? Ni Adda na san ta, Adda zan kira ta har in mutu. Da na karanta takardarka sai da na fita na zauna a bakin kwata, na rasa wanda zan faɗa wa abin da ya faru.

Ban ce ka bar ta ba. Macen da aka haifa a kan hanya, aka yaye ta a kan hanya, ba tafiya ce za ta kashe ta ba. Zaman bakin ƙofar nan ya fi ba ni tsoro.

Maganar shekarun da ban leƙo ba, ka yi gaskiya.

Yanzu ka saurare ni. Na je wurin 'yan gwangwan na tono wani ƙaramin faifai na gaske, bakinsa da makullinsa lafiya lau, tsatsa ce kawai. Ina nan ina wanke shi da kananzir. Ban san mai waldar nan ba, ba kuma na zagin sana'arsa, amma wanda ya saba ƙofa da taga zai so ya liƙa maka ƙarfe a kwanon bodi, ya yi kyau a ido. Kada ka yarda. Ranar da ka taka birki da kaya, ɗakin ba ya tsayawa don ka tsaya.

Ka ba ni amsa da Awaisu ko layi ɗaya ne.

Kawunka,
Sanda

*

Funtua, Satumba ta yi nisa

Lawal,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Adda.

Shiru. Ban sani ba ko fushi ne, ko takardata ba ta isa ba. Awaisu ya ɓace mini, sai da wani ɗan kamasho ya rubuta mini a tafin hannunsa cewa an mai da shi hanyar Kano. Waccan takardar wani yaron mota na ba, wanda ban san sunansa ba. Wannan zan ba mai kai taki Dayi, na san ubansa.

Kullum bayan na karya ina zuwa tasha in zauna inda motocin Malumfashi ke sauke mutane. Ina duban hannun kowane direba. Har sun fara yi mini dariya, ina ganin haƙoransu.

Faifan ya fito fes. Na shafa masa giris, na rufe shi da buhu a bayan ƙofa. Jiya na ga an fara shigo da sabuwar masara kasuwa, na san lokacin fitarka ya matso.

In ka riga ka yi aikin, kada ka ɗora inji, kada ka hau titi. In fushi kake, ka yi fushinka, amma ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga me ke riƙe da faifan.

Sanda

*

Dayi, ƙarshen Satumba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna raye, mun gode Allah. Ka yafe mini.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Ta farkon tana ajiye wurin wani mai shayi a Malumfashi, yaron motar ya bar ta can ya manta. Da na karanta maganar mota sai na ji kamar in nutse don kunya. Amma kafin su zo, abin da kake tsoro ya riga ya faru.

Na kai wa mai waldar. Ya yanko farantin ƙarfe ya liƙa a kwanon bodi, ya yi masa fenti ja. Na tuna maganarka ta ƙashin mota, na faɗa masa, ya ce waldarsa ko giwa ba ta ɓalle ta. Ni kuma a lokacin ina jin haushinka, sai na ga kamar in na bi maganarka na yarda da sauran abin da ka faɗa.

Ranar gwaji na loda buhunan yashi a wurin inji. Tsohuwa na ganin ɗakin a ƙofar gida ta tashi da ƙoranta, ta hau da kanta, ta zauna a kan gadon da na kafa mata. Rabon da in ga fuskarta haka na manta. Na ce, "Inna, sauko ki zauna gaba." Ta ce, "A'a, nan ne ɗakina." Na kusa ƙyale ta, Kawu. Har na rufe ƙofar. Sai layin nan naka ya tsaya mini a rai, cewa ko zuwa masallaci ne ba a zama a ciki. Na buɗe na ɗauko ta cak, tana dukan ƙirjina tana kuka, na zaunar da ita kusa da ni.

Mun fita gari lafiya. A gangaren kwalbati wata akuya ta gifta, na taka birki. Sai na ji ƙara kamar an yage sama. Kwanon bodin ya tsage kamar takarda, wuyan ɗakin ya taho ya daki bayan gidan direba, gilashi ya zubo mana a ka. Allah ya sa ba gudu nake ba. Tsohuwa ta ɗan yanke a kafaɗa, an wanke an rufe a asibiti. Da na buɗe ɗakin, buhunan yashi sun fasa bangon katako sun danne gadon nan, ƙafafunsa duk sun karye.

Ba ta yi kuka ba. Gilashi na cikin ɗankwalinta, ta dube ni ta ce, "Mun iso?"

Tun ranar ban taɓa motar ba. Masu gona sun fara aiko mini, ina cewa ana gyaran inji. Ba ni da bakin roƙonka, amma in gwiwa za ta bari, ka zo. Na yi magana da mai takin, zai ɗauko ka da faifan har ƙofar gida.

Ɗanka,
Lawal

*

Funtua, tsakiyar Oktoba

Lawal,

Salamu alaikum. Na iso gida lafiya, mai takin ya sauke ni har bakin layi. Gwiwa ta kumbura saboda kwanciyar ƙarƙashin mota, amma ban yi nadama ba. Yaya kafaɗar Adda?

Akwai abin da na manta ban faɗa maka ba kafin in taho. Notocin da muka ɗaura a kafaɗun nan, in ka yi tafiyar farko ka bi su da sifana ɗaya bayan ɗaya, sabon ɗauri yana saki. Ka fi duba na kusa da tankin mai, inda muka sha wahalar hudawa. Duk sanda ka haɗa, kada ka yarda da ido. Ka leƙa ka ga bakin ya rufe turken, ka zura makulli, ka sa wa tayoyin ɗakin dutse, ka ɗan ja a hankali ka ji ya riƙe, sannan ka naɗe ƙafafun da ke tallafe wuyan ɗakin. Sarƙoƙin nan biyu da muka ɗaure ɗakin da motar ba ado ba ne. Ganyen da muka ƙara wa sifirin ya isa, amma kada ka ga ta miƙe ka ƙara mata buhunan mutane.

Hannunka yana da kyau a aiki. Ba ka da haƙuri ne kawai, irin na gidanku.

Na saba da shiru, amma da na buɗe ɗakina sai na ji wani iri. A gidanka ko ban ji komai ba ina ganin motsi, kana hura wuta, Adda na jera ƙoranta tana sake jerawa. Nan kuwa inda na bar buta nan na tarar da ita.

Yanzu ga tambayata. Duk kwanakin da na yi, Adda kallon baƙo take yi mini, in na gaishe ta sai ta ja mayafi. Ban ji haushi ba, na san ciwon. Amma ranar da zan taho, ina shirin hawa mota, ta taso ta kama hannun rigata ta yi magana mai tsawo tana duban idona. Na gyaɗa mata kai, yadda nake gyaɗa wa kowa. Na dube ka don ka rubuta mini, sai na ga ka juya baya kana gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Mai mota kuma yana jira.

Me ta ce? Kada ka gyara mini maganar. In zagi ne ma ina so.

Kawunka,
Sanda

*

Gozaki, farkon Nuwamba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina fata kumburin ya saɓe. Kafaɗar Tsohuwa ta warke, sai tabo.

Mun fito. Ɗakin yana bin motar kamar maraƙi a bayan uwarsa, ko a kwana bai taɓa gidan direba ba. Na bi notocin yadda ka ce, biyu sun saki, har da na kusa da tanki. Yanzu muna gonar wani Alhaji a gabashin gari. Nakan sauke inji a masussuka, in ja ɗakin can gindin tsamiya inda ƙura ba ta kai ba. Daga inda nake aiki ina hango ta. Tana ci. Matan da ke sheƙa suna kawo mata fura, shekaranjiya har ta karɓa daga hannun ɗaya.

Ba zan ce maka ta warke ba. Jiya kuka ta yi wai in mai da ita gida, na rasa wane gidan take nufi. Na zaga da ita wajen da aka ce nan rugarku take a da. Duk waken suya ne yanzu. Ta duba ta taga, ta kau da kai.

Ka tambaye ni abin da ta faɗa. Ban juya baya don in ɓoye maka ba, fuskata ce ba na so ka gani. Ga maganarta yadda ta fito.

Ta ce, "Sanda, ina ka tsaya? An kwashe bukkoki, shanu sun yi gaba. Baffa ya tafi, Inna ta tafi, kowa ya tafi. Sun ce in taho, na ce ba zan tafi ba sai ka zo, kada yaron nan ya dawo ya tarar ba kowa."

Da sunanka ta kira ka, Kawu. Rabon da ta kira wani da sunansa in ba ni ba, ya fi shekara. Da motarku ta tashi ta tsaya a titi har kuka ɓace, da ƙyar na shigar da ita.

Kujerar gaba tana ɗaukar mutum uku. Ba ni da abin ba ka sai tuwo da tabarma a gefen mota, ga sanyi ya fara. Muna nan har masarar Alhajin ta ƙare, daga nan sai wajen Kafur. Ban ce dole ba.

Ɗanka,
Lawal

*

Funtua

Lawal,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, ban iya karanta ta sau biyu ba.

Gwiwa ba ta lanƙwasuwa tukuna, ko buta sai na jingina da bango. Mai kemis ya ba ni wani magani, ya nuna mini da yatsu cewa in ba shi mako. Na riga na ba maƙwabcina ajiyar makulli, na ɗaure bargo da sifanuna. In aikin Alhajin ya ƙare ban iso ba, kada ka tsaya, ka bar saƙon inda kuka nufa wurin mai shayin bakin kasuwa, zan bi sawu.

Ka gaya wa Adda na ji. Ka ce mata ta shiga inuwa ta zauna, ina tafe.

Sanda